Wuri Uku a Bidiyon Baba

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara. Da fatan ciwon bayan ya yi sauƙi.

Bidiyon Baba ya iso, Allah ya jiƙansa, wanda kika jingine waya a taga kika ɗauke shi yana tahowa a baranda da makullan shago. A ƙarshen gem ɗin nan, wasan kwamfutar da nake haɗawa, zan sa shi, duk wanda ya gama wasan ya ga mahaifinmu. Sai dai da na saka shi a injin gem, manhajar haɗa wasan, sarƙewa ya yi ta yi. Na rage girmansa, na daidaita shi hoto talatin a daƙiƙa, na sa ya gama lodawa kafin ya fara. Ya miƙe, in ban da wuri uku da yake ƙamewa. Ina zargin wayarki.

Sati biyu ke nan ina fama. A ofis kowa ya toshe kunne da abin sauraro, a ɗaki kuma daga ni sai fankar kwamfuta. Baba kaɗai nake gani kullum, shi ma na daƙiƙa ashirin.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Saƙo ya iso, kowa lafiya. Ciwon baya yana nan, ba inda ya je, kamar ni.

Shekara shida ba ka leƙo mu ba, ta'aziyya ma ta waya ka yi, yanzu kuma wayata ce mai laifi? Ni ban san talatin ɗinka ba. Ka gyara ka turo in gani. Ka kuma riƙa cin abinci, hotonka duk wuya ne.

Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. An dace. Na bi wuraren nan uku hoto bayan hoto, na yanke inda ya ƙame, na haɗe bakin. Yanzu Baba yana tafiya sumul, yadda na san shi. Na waiwaya in nuna wa wani, ashe duk sun fita cin abinci. Ga shi nan, ke ce ta farko.

A gaida yara,
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Na kalla sau biyu, na kife wayar.

Ba inji ba ne, ƙafarsa ce. Shekara biyun ƙarshe haka take yi masa. Yana cikin tafiya sai ta kafe a ƙasa, ya tsaya cak, ya ƙirga uku a ransa, sannan ta saki. Shi ya hana mu gaya maka, wai kada hankalinka ya tashi ka baro aiki.

Don kai aka ɗauki bidiyon. Kafin in danna ya ce, "Auta ne zai gani? To bari in miƙe." Da ya kalla sai ya ce, "Kar ki tura, mu bari in ji sauƙi a sake." Ba a sake ba.

Na ji haushinka, daga baya na ji tausayinka. Wanda ka turo mini Baban da ka bari ne. Wanda na yi jinya shi ne ka yanke.

Allah ya ba mu haƙuri,
Yayarka

Yaya,

Na gode. Na mayar da su duka ukun. Na kusa da ni a ofis ya leƙo ya ce, "Bidiyon nan yana sarƙewa, kawo in duba maka." Na ce masa haka yake.

Me kuma Baba ya hana ku gaya mini? Ki rubuto duka, kada ki yanke komai.

Ƙaninki,
Auta