Ba Zan Aiko da Tikitin Ba

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki da wannan sanyi? Ki gaishe min da Yaya Gwilym.

Ina lafiya a Landan, kada ki damu. Na samu fitowa a wani tsohon wasan ban dariya. Ni ce mace mai tsiwa da mijinta ke hana ta abinci da barci har ta yi laushi. Desmond, mai fitowa a matsayin mijin, da gaske yake murɗe min hannu. Na nuna wa darakta shatin yatsunsa, sai ya ce, "Haba Nerys, nan fa aka fi dariya. Ki sa riga mai dogon hannu."

A ƙarshen wasan nakan durƙusa in gaya wa mata su bi mazajensu. Na roƙa in faɗa ba murmushi, aka hana.

Kin ce in aiko miki tikiti. Ki yi haƙuri. Shekara talatin kina yi wa Baba wannan durƙuson, ba sai kin hawo jirgin ƙasa kin ga ana tafa wa 'yarki a kansa ba.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Nerys