Fuskar Da Lauratu Ba Ta Duba Ba

Kurmin Sarki, Suleja.

Zuwa ga ƙanwata Tayyiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'yan uwa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Nu'uman da yara. Allah ya ƙara muku albarkar zaman Jidda. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana leƙa maƙwabta, 'yata Jannatu kuma ta gama jarrabawa tana jiran sakamako.

Saƙon da kika ba masu dawowa daga Umra ya iso: dabino na Inna, turare na autanmu Nasiruddeen ango, sai kwalin haɗin gyaran fuska na matata Lauratu. Ni kuma na samu gaisuwa, na gode, na adana ta. A kan kwalin nan nake son mu yi magana, domin tun da ya shigo, tsakar gidana ta koma asibiti.

Abin da kika koya mata ta waya ya zauna daram. Yanzu mata har daga Gauraka suke zuwa. Sai ta zaunar da mace a hasken hantsi, ta ɗaga haɓarta, ta manna mata 'yar farar takarda a goshi ta ga ko maiƙo zai fito. Mai maiƙo a ba ta haɗin farar ƙasa, mai busasshiyar fata zuma da madara da man kaɗanya. Wadda fatarta ke saurin ƙaiƙayi kuwa, sai an ɗiga mata kaɗan a bayan kunne, ta kwana da shi, kafin a yarda ya hau fuska. Maƙwabciyarmu Oluchi ta yi gardama ta shafa na mai maiƙo, kumatunta suka yi furu-furu kamar ta fito daga injin niƙa, Lauratu ta yi mako tana jinyarsu. Na karanta littattafan da suka fi wannan kwali nauyi, ban taɓa ganin an yi wa shafi ɗaya irin nazarin da take yi wa hancin mutane ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Nasiruddeen. Ya zo yana kukan ranar hanyar Abuja ta ƙona shi ga biki ya matso. Ta tsayar da shi daga nesa, ta ce ya juya dama, ya juya hagu, ta yanke hukuncin cewa fatarsa biyu ce, goshi da hanci maiƙo, kumatu a bushe, ta ba shi haɗi biyu ya je ya shafa. Yanzu yaron sai sheƙi yake. Ran Juma'a wani a masallaci ya taya ni murnar aurar da ɗana.

Ni da nake bin hanyar tun yana firamare, babu wanda ya ce in juya ko'ina. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Gaskiya ne da farko na ce a gaban ƙawayenta ban san na auri mai yaɓen bango ba, suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Magana kuwa zarar bunu ce. Shekaranjiya na daure na tambaye ta, kamar da wasa, wace iri ce tawa fatar. Tana dama zuma, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce ai fatar masu ilimi ruwa da sabulu sun ishe ta.

Don haka ga roƙona, kuma ya tsaya tsakaninmu. In kun yi waya, ki ce mata kin ga hotona kin tsorata, ki ce yayanki ya bushe. Ki nuna mata irin wannan fata ba a gane ta da kallo ɗaya, sai an zauna an duba a tsanake, kuma ba a barin mai ita ya shafa da hannunsa. Ba ƙuruciya nake nema ba, Tayyiba, wannan ta wuce. In ta zaɓa mini wanda bai dace ba ma zan jure, in dai za ta riƙe haɓata kafin ta zaɓa.

Ki gaida Alhaji Nu'uman, da Rabi'a, da ƙaramin Ummaru. Inna na sa muku albarka. Lauratu ma da ta gaishe ki, sai dai akwai fuska a hannunta.

Yayanki,
Gwadabe