Awaki Na Lasar Bangon Ɗakin Inna

Baba Illo, don Allah ka agaza mini, murna ta cika mini ciki amma wani maƙwabci ya jefa mini tsakuwa a cikinta. Ni makiyayi ne daga yankin Issawane, na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, kafin in koma bayan shanu. Kaf zuri'armu ba wanda ya taɓa kwana ɗakin ƙasa, bukka muka gada. To bara Allah ya nufa na gina wa mahaifiyata, Inna Hajjo, soro nata na kanta, da ƙofar ƙarfe, na sa aka shafe shi da siminti ta waje har yana ƙyalli. Wallahi in na taho a kan moto daga kasuwar Mayahi na hango shi, sai in ji kamar in yi guɗa.

Ba ka san wuyar da na sha kafin ta yarda ta shiga ba. Cewa take ɗakin da iska ba ta ratsa shi kabari ne. Na roƙa, ƙannena suka roƙa, sai da zafin bazara ya wuce ta kwashe ƙorenta ta tare. Yanzu har ta jera randunanta a jikin bango, nan take wanke ƙoren nono, nan take ɗaure awakinta, in ƙawayenta sun zo ta riƙa nuna musu taga. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Ga abin da ya ƙara mini murna. Tun ruwan farko wani farin abu ya fito a gindin bangon, a ciki da inda simintin ya ɓare, kamar kanwa. Awaki suka yi ta lasa har sun yi rami. Na ce ikon Allah, ɗaki ga kwana ga kanwar dabbobi kyauta, na dinga ba mutane labari a kasuwa. Sai maƙwabcin nan Zakariya, wani manomi da muke gaisawa, ya biyo ni ya gani. Ya ƙwanƙwasa simintin, ya yi kuwwa kamar ganga. Ya nuna mini ƙofar da yanzu sai an sa kafaɗa take rufuwa, da wani baƙin tabo a rufi kusa da azara inda ƙasa ke zubowa kan gadon Inna. Warin danshi kuwa, ni na ɗauka haka sabon ɗaki ke yi. Ya ce ruwa na cin ɗakin, kada tsohuwa ta ƙara kwana ciki.

Baba, na san Inna. In na ce mata ɗakin na da ciwo, ta koma bukka ke nan har abada, ta kuma yi ta tuna mini. Ba na iya gyarawa a ɓoye in bar ta tana kwana? Ko dai Zakariya ya cika tsoro ne?

Mai Sabon Soro, Issawane

Ɗana Mai Sabon Soro, Allah shi yi maka albarka, ka yi abin da ya kamaci ɗa, kuma na yi murna da murnarka. Amma Zakariya ya yi gaskiya, ka je ka gode masa.

Farin nan ba kyauta ba ne. Ruwa ne ke hawa bango daga ƙasa, in ya bushe ya bar gishiri, awaki kuma na ƙara ƙwaƙule gindin ginin. Siminti a kan ginin ƙasa ba ya kamawa sosai, ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita, shi ne kuwwar da kuka ji. Waɗannan duk suna gyaruwa. Janye randunan da wurin wanke ƙore daga bango, ɗaure awaki nesa ka zuba musu kanwarsu a akushi. Duba indararo, in ya toshe a buɗe shi, in gajere ne a sa dogo. A tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje. Simintin da ya saki a ɓamɓare shi, bango ya sha iska, magini ya yi yaɓen ƙasa mai kyau, kuma ka sani yaɓe aikin kowace shekara ne.

Tabon rufin shi ne ya hana ni dariya. Ƙasa na zubowa kusa da azara, ƙofa ta cije, wannan ba ya jiran kaka. Sai magini ya hau ya ga ko itacen ya ruɓe ko gara ta ci, kafin nan ba mai kwana ciki.

Na gane tsoronka, ba ƙaramin lallashi ka yi ba. Amma kada ka ɓoye mata. Gyara mata bukka kusa da soron yau, ka faɗa mata kai tsaye, ta yi ta yi maka gori ka haƙura. Matar da ke nuna wa ƙawaye taga ta riga ta so ɗakin, ina sa ran za ta dawo. In ma ta ƙi bana, kana da baɗi ka sake roƙonta. In rufi ya sauko mata tana barci, ba ka da wadda za ka roƙa.

Allah shi tsare Inna Hajjo, shi ba ku damina mai albarka.

Baba Illo