Bidon da na kai wa Kawu fura a ciki

Tanti Habsa, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana. Shekarata goma sha shida, ina kolej a wani gari kusa da Madawa. Ni ba mai yawan magana ba ce, littattafan soyayya su ne abokan hirata. Ƙawata Mardiya ke ba ni aro. Wancan watan ta ba ni wani da bangonsa ya yage, na ɗauka irin namu ne. Ashe labarin kisa ne.

Wani attajiri ne ya faɗi ya mutu bayan cin abinci, kowa ya ce ajali. Sai wani sufeton ƴan sanda ya ƙi yarda. Gaskiya marubucin ya iya, ko soyayya ba ta taɓa riƙe ni haka ba, har tuwo na bari ya kama. Sufeton ba ya faɗa, tambaya kawai yake yi a hankali har mutum ya kama kansa. Da ya lissafa alamun da mamacin ya yi, zufa da amai da miyau na zuba, ya ce maganin ƙwari ne, sai na rufe littafin na ajiye. Ban ƙara buɗe shi ba.

Tanti, haka Kawu Rabo ya yi. Yayan innata ne, yana da garkar albasa. Lokacin hutu ni ke kai mishi fura da rana. Wata rana murfin kwano ya ɓace, na ga wani ƙaramin bido rawaya, irin jarkar roba, a bayan rumbu, na wanke shi sau biyu da sabulu na zuba furar a ciki. Ya sha, ya sa mini albarka, har ya ce furar ta yi sanyi. Da la'asar ya fara amai. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Aka ce zafin rana ne da hawan jini, don tun safe yake feshin magani a garka. Wata biyar ke nan.

Da na ajiye littafin na je na duba bidon. Akwai sauran takarda manne a gindinsa, da jan layi da rabin hoton ƙoƙon kai, alamar guba. Wallahi ran nan ban gani ba. Ko na gani ban kula ba, ni ma ban sani ba, don hankalina na kan wani labari da nake karantawa.

Yanzu in motar jandarma ta wuce sai in ɗauka ni suka zo kamawa. In Inna ta ambaci Kawu sai in tashi in shiga ɗaki. Abin da ya fi tayar mini da hankali, shekaranjiya na ga Inna ta ɗauko bidon ta ce zai yi kyau da ruwan sha in an fara aikin gona. In na hana ta za ta tambaye ni dalili, in ta tambaya kuma zan faɗa, don ban iya ƙarya ba. Ta yaya zan dubi idonta in ce ni ce? Za a kama ni? Mi zan yi?

Ɗiyarki mai tsoro

Ɗiyata, abu na farko ba ya jiran gobe. Ki ɗauke bidon nan, ki huda gindinsa da ƙusa yadda ba zai ƙara riƙe ruwa ba, ki ajiye shi inda yara ba sa kai hannu. Kada ki ƙona shi, kada ki jefa kusa da rijiya. Abin da aka zuba maganin feshi a ciki ba a ƙara sa ci ko sha a cikinsa, ko sau nawa aka wanke.

Sannan maganar kawunki. Ba zan ce miki bidon ba shi da hannu ba, don ban sani ba. Amma ke ma ba ki sani ba. Mutum ne da ya wuni yana feshi cikin rana, ga hawan jini, kuma maganin yana shiga ta hanci da fata. Sufeton littafinki yana da marubuci a bayansa mai shirya masa amsa. Ke kin haɗa alamu uku kin yanke wa kanki hukunci. Kuma wanda sufeton yake nema a labarin da niyya ya zuba guba. Ke fura kika kai wa kawunki don kada ya wuni da yunwa. Wannan ba kisan kai ba ne. In zuciyarki ta ƙi kwanciya, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi abin da addini ya ce kan kuskure.

Ki faɗa wa innarki, ku biyu kawai, kamar yadda kika rubuto mini. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi faɗa, ɗan'uwanta ne. Ki bar ta ta yi. Amma ki tuna, in kika yi shiru ita za ta fara kai bidon nan baki. Daga nan ku je wurin majo, babban jami'in jinya na asibitin garinku, da bidon a hannu, ku ba shi labarin duka. Shi ya san aikin maganin, kuma zai iya jan kunnen masu garka, don ba gidanku kaɗai ake wannan ba.

Littafin kuwa, kada ki tsane shi. Ya tsorata ki, amma shi ya sa kika juya gindin bidon kika duba kafin innarki ta cika shi da ruwa. In hankalinki ya kwanta ki ƙarasa shi ki mayar wa Mardiya.

Allah ya jiƙan Kawu Rabo, ya sanyaya miki zuciya. Yanzu ajiye jaridar nan ki je ki nemo ƙusa.

Tanti Habsa