Yadda Kardan Ya Wanke Huzaifa

Dogon Dutsi, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Rumaisa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara can Agadas. Mu nan sai godiya. Ƙafar innarki ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta. Geron gonar Tibiri ya yi kyau bana, kuma Sahura matar wanki Huzaifa ta shiga wata na bakwai, Allah ya raba lafiya.

Innarki ta ce kin kira ta ranki a ɓace, wai kin ji Huzaifa ya lalata motar mutane da tuƙin ganganci. Ban ga laifinki ba. Mutane da yawa, har direbobi, da sun ji ƙara a gaban mota sai su ce amotisa ce, in ko amotisa ce to direba ne ya yi ta afkawa ramuka. Da wannan ruɗani aka so a raba wanki da sana'arsa. Don haka ki saurari kawunki, wanda ya shekara ashirin yana koyar da kanikanci.

Ƙaramar bas ɗin da Huzaifa ke ja wa Alhaji Bagudu mai jan gaba ce. Kowace ƙafar gaba tana da resor, ƙarfen nan mai naɗi da ke ɗauke da nauyi, da amotisa a cikinsa mai hana motar tsalle kamar ɗan akuya. Su biyun sama da ƙasa kawai suka sani. Abin da ke juya taya daban ne: sandar ƙarfe ce daga akwatin giya zuwa kowace ƙafa, ita muke kira kardan. Akwai gaɓa a kowane gefensa. Ta ciki tana miƙewa tana komawa yayin da taya ke hawa da sauka, ta waje tana lanƙwasa in an karya sitiyari, kamar wuyan hannunki in kina tuƙa tuwo. Cikin gaɓar akwai ƙwallayen ƙarfe suna birgima a giris, an rufe su da rigar roba. Muddin rigar nan lafiya take, kardan tare da mota yake tsufa.

To kin san hanyar Dumega da damina. Alhaji ya gaji da ƙasan mota na gogar yashi, sai ya yi dabarar 'yan tasha, ya sa aka cusa guntayen tsohuwar taya tsakanin naɗin resor don gaban ya ɗaga. Gaba ya ɗaga kam, amma kardan ya koma aiki a karkace. Rigar ta yi ta gogar kanta har ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Sau uku Huzaifa yana gaya masa motar na ƙas-ƙas a kwana, yana cewa a bari sai bayan kaka. Ran da kardan ya ɓalle cikin kwari da fasinja cike, Alhaji ya ƙwace makulli a tasha a gaban jama'a, ya ce an kashe masa amotisa, ya nemi sandika, wato ƙungiyar direbobi, ta cire sunan Huzaifa daga layi. Bai tsaya nan ba, ya ce ai gado ne, marigayi babanku ma bai san riƙon amana ba. Wannan kalma ce ta sa na shiga maganar.

Da na so, da na same shi gida na fahimtar da shi a asirce. Ban so ba. A tasha ya yi zagi, a tasha zai ji amsa. Na karɓo karyayyen kardan daga gareji, na ajiye shi har ranar zaman sandika. Da aka zauna na shimfiɗa buhu na zazzage gaɓar, yashi ya zubo kowa na gani. Alhaji ya ce wannan karatun lakwal ne, na 'yan boko, ba a tuƙa mota da alli. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗayar motarsa, wadda shi kaɗai ke ja, tana tsaye gindin dogon yaro, kuma na riga na leƙa ƙasanta na ga cushen taya iri ɗaya. Na roƙi shugaban sandika ya sa shi ya karya sitiyari har ƙarshe, ya zagaya fili a hankali. Ƙas-ƙas ɗin har mai shayi ya ji. Shugaba ya tambaye shi ko wannan ma Huzaifa ne ya ja ta. Sai wani tsohon direba ya ce ashe sunan Alhaji ya kamata a cire daga layi, tasha ta ɗauki dariya.

Sunan Huzaifa na nan a layi, har wani ya ba shi mota. Innarki ta ce in yi haƙuri hakanan. Alhaji ya aiko da goro, na mayar masa. Ba zan haƙura ba sai ya zo tasha ya janye maganarsa kan babanku da bakinsa. Kafin ranar, kardan ɗin na rataye a ajina, kuma duk ɗalibin da ya shigo ya san sunan mai shi.

An ce maigidanki ya sayi irin wannan bas. Kada ki tsaya ga maganata, gwada da kanki. Ku sami fili, ya karya sitiyari har ƙarshe ya zagaya a hankali, ke ki tsaya waje ki kasa kunne. In ya kashe motar, ki durƙusa ki shafa rigar robar bayan taya, ki ga ko giris zai taɓa hannunki. In kin gama, ki wanke hannu ki kira wanki, don tun ranar da ya ji abin da kika faɗa hankalinsa bai kwanta ba.

Ki gai da maigidanki Malam Ja'afar, da Hidaya da ƙanenta. Innarki da Sahura da gwaggonki Zubaida suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne kawunki,
Abdussalamu