Ranar Ruwan Gidaɗo

Bunkure,
Fabrairu, 1986.

Zuwa ga ƙanena Datti,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Saude da yara. Ya jikin ƙafarka?

"Muddin ina shugabancin kwamitin manoman nan, ba mai taɓa ruwan Gidaɗo." Kai ka faɗi haka a zauren gidanmu ranar sadakar bakwai ɗin Baba, ina bayan ƙyaure ina jinka.

Jiya da na taso daga makaranta na bi ta gonar Gidaɗo. Tumatirinsa ya yi fure ya zubar, ƙasa ta tsattsage, ruwa kuwa na wucewa a kanal ta gabansa. An ce shanun wasu baƙi sun fasa gaɓar kanal sun cinye alkamar Baballe, shi ne kuka soke ranar ban ruwan kowane Bafillatani. Datti, Gidaɗo ko akuya ba shi da ita. Tun da aikin noman ranin nan ya haɗiye burtali ya sayar da garkensa ya kama fartanya.

Na ji har tarihi ka jawo a wurin taron kwamitin, wai kakanninsu ne suka danne kakanninmu. Na fi ka karanta tarihin nan, ina ma koyar da shi. Sarakunan da kake nufi ba su taɓa kwana a ruga ba. Uban Gidaɗo jangali ya yi ta biyansu har ya mutu, shanunsa kuma su suka taki gonar da kake tinƙaho da ita.

Ka manta, ko ba a gaya maka ba? Shekarar da aka haife ka nonon uwarmu Gwaggo ya ƙafe. Ni nake goya ka zuwa ruga, Inno uwar Gidaɗo ta ɗora ka a dama, Gidaɗo a hagu. In jini ake hukuntawa, fara rufe taka gonar.

Shi bai kawo ƙara ba. Na tarar matarsa Mairama tana ɗaure kayan ɗakinta za su tashi, ta gaishe ni ba ta ɗago ido ba. Hakan ya fi zagi ciwo.

Ka buɗe masa ruwa kafin a sauko Juma'a. In ba haka ba, Asabar ranar ruwan gonata ce, zan karkata shi gonarsa da hannuna, sannan in tsaya gaban kwamitinka in faɗi nonon da ka sha. Na san tumatirin ba zai tashi ba. So nake kafin ya tafi ya ga mutum ɗaya daga gidanmu a bakin kanal.

Ka gaida Saude.

Yayarka,
Kubra