Na narkar da kyandirorin 'yata

Malama, ki taimake ni, karambani ya kai ni ya baro. Ni direban babbar mota ne da ciwon baya ya sauke daga sitiyari. Makaranta kuwa ta taga muka gaisa da ita, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Babbar 'yata tana yin kyandir a gida. Takan narka kaki a dogon gwangwani da ke zaune cikin tukunyar ruwan zafi, ta tsoma lagwani ta ɗago, ta rataye a sanda ya sha iska, ta sake tsomawa. Haka za ta yi ta yi har siririn zare ya yi jiki. Ni da na saba taka totur, kallon aikin kaɗai hawan jini yake sa ni. Kullum ina tsokanarta cewa kafin kyandirinta ya girma an dawo da wuta.

Wata mai shago ta ga aikinta, ta ce ta kawo na gwaji. Karo na farko ke nan da wanda ba dangi ba ya nema. Ta kai su rabi, ta fita sayo kala, sai injiniyan da ke cikina ya tashi. Na ce ruwan nan ɓata lokaci ne, na ɗora gwangwanin kai tsaye a wuta har ya soma hayaƙi. Na kuma yi tunanin idan gajeriyar tsomawa tana ɗauko kaki kaɗan, doguwa za ta ɗauko da yawa. Na zura su duka na riƙe, har da fito nake yi. Da na ɗago, Malama, zare ne tsirara kamar ranar da aka haife shi. Don in ɓatar da sawu na juye kakin a wurin wanke-wanke, bututu ya toshe. Abin da mai ɗakina ta faɗa ba na jarida ba ne.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon sandar, sannan ta tattara kayan aikinta a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Mai shago ba ta sake kira ba. Yanzu tana gaishe ni da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Na je ba ta haƙuri, bakina ya zame na ce aƙalla na rage musu teɓa. Ba ta yi dariya ba, ita da ko tarina dariya yake ba ta. Na sayo sabon kaki, yana nan a leda ba ta taɓa ba. Tsorona kada ta bar sana'ar nan saboda ni. Yaya zan yi?

Baban mai kyandir

Baban mai kyandir, ka fara da gode wa Allah. Kakin da ya kai ga hayaƙi dab yake da kamawa da wuta, kuma ruwan da ka raina shi ke tsare gidanka.

Na yarda taimako ka yi niyya, ba mugunta ba. Amma duba ta ɓangarenta. Ta daɗe tana haɗiye tsokanarka, sai ga shi ranar da wani ya ɗauki aikinta da muhimmanci, mahaifinta ya nuna bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ina jin wannan ya fi narkewar kyandir yi mata ciwo, shi ya sa ledar kaki ba ta motsa ta ba.

Ka same ta ita kaɗai, ka ce ka yi kuskure, ka kuma raina abin da ba ka iya ba. Daga nan ka rufe baki. Idan barkwanci ya taso, haɗiye shi. Kada ka je wurin mai shago sai da yardarta, harkarta ce. Bututun kuwa ka kira mai gyara, kada injiniya ya sake tashi.

Sannan ka roƙe ta ta koya maka, ka zauna inda ta ce, ka ɗago lokacin da ta ce. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle 'yar cikinka. Wataƙila ba za ta jawo kwalin nan ranar farko ba. Kada ka matsa, ka riga ka ga abin da zafi da dogon riƙo suke yi.

Tana bin ka kowane kyandir da ka narkar, kuma da hannunka za ka biya, tsomawa bayan tsomawa. Allah ya ba ka haƙurin jira, ya huci zuciyarta.